Ƙarti Biyar da Filas Ɗaya

Ni dai ƙafa ce ta kwantar da ni. Ciwon suga ya ci mini babban yatsa, aka ce sai na zauna a asibiti ana wanke gyambon safe da yamma. Tunda ba ni da abin yi, sai na zuba wa ɗakin ido. Gadona na jikin taga, wanda ke kusa da ni kuma nata ne, tsakaninmu ba abin da ya raba sai 'yar durowa da labulen da ba ya rufuwa duka.

Malama muke ce mata, don 'yan aji ɗaya take koyarwa. Yarinya ce a wurina, ba ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba, ga ladabi, ko tari ta yi sai ta ce, "Yi haƙuri, Mama." Zazzaɓi ne ya kawo ta. Zazzaɓin ya sauka, sai wasu jajayen ɗigo-ɗigo suka feso mata a ƙauri kamar an barbaɗa garin barkono. In ta goge baki, ruwan da za ta tofar ja ne.

Mijinta kuwa na raɗa masa Ƙirji, don ƙirjinsa ke riga shi shigowa ɗaki. Shagon tayoyi gare shi, irin mazan nan da ke ɗaga tayar babbar mota da hannu ɗaya don mutane su gani. Ba ya zuwa shi kaɗai. Kullum da yamma sai ya taho da ƙannensa huɗu, duk ƙarti, su zagaye gadon su tare mana iskar fanka.

A gabansu likita ta yi bayani, kuma da kunnena na ji. Wata siririyar mace ce, ba ta ɗaga murya.

"A cikin jini akwai wasu 'yan ƙwayoyi, su ne ke tsayar da shi idan mutum ya ji rauni. Nata suna ta raguwa. Kullum za mu gwada mu ga lambar, kuma yanzu ta yi ƙasa sosai. Mun fara ba ta magani, amma yana ɗaukar lokaci kafin ya kama. Kafin nan sai an riƙa ƙara mata na wasu, in ba haka ba jini zai iya ɓalle mata a ciki ko a kai."

"To a ƙara mata mana," in ji Ƙirji.

"Sai an tace jinin mutum huɗu ko biyar ake samun na ƙari ɗaya. Yau ma'ajiyar jini za ta ara mana. Gobe ku je ku mayar, don na wani ne aka ajiye, kuma za ta sake buƙata."

Mutum huɗu ko biyar. Na dubi waɗanda ke tsaye, na ce a raina, alhamdulillahi, yarinyar nan ta tsira. Ƙirji ya daki ƙirji, ya ce, "An gama, likita. Jini ai ba komai ba ne." Ƙannen suka gyaɗa kai gaba ɗaya kamar ƙadangaru.

Bayan tafiyar likita kaɗan nas ta zo ta rataya wata 'yar leda a jikin ƙarfe, abin da ke ciki launin ruwan ɗorawa ne, mai ɗan kauri, ta haɗa wa Malama a hannu. Ledar na cikin ɗiga sai ga yayar mijin ta iso. Ita wannan Farfesa na sa mata. Ba ciwon da ba ta san maganinsa ba, daga ciwon daji har amosanin kai, kuma duk a waya ta yi karatun. Ta ajiye jaka, ta ciro wani koren filas, ta buɗe. Wani irin warin ɗanyen ganye ya cika ɗakin.

"Ganyen gwanda ne, da hannuna na daka shi na matse. Wata mata a bidiyo lambarta ta kusa ƙarewa, kofi biyu ta sha ta miƙe. Tashi ki shanye."

Malama ta kurɓa, fuskarta ta yamutse, hawaye ya zubo. Farfesa ta riƙe mata ƙeya ta ɗura mata sauran.

Washegari aka kawo sakamakon gwaji, lamba ta hau. Ku zo ku ga Farfesa! Ta tafa hannu, ta zagaya gado, ta ɗaga filas sama kamar ta ci kofin ƙwallo.

"Kun gani ko? Kofi ɗaya tak! Da na biye wa asibiti da yanzu an tatse mini ƙanne a banza."

Bakina ba ya shiru, wannan kowa ya sani. Na ce, "Baiwar Allah, ledar da aka rataya mata jiya fa? Ita ba ta yi komai ba?"

Ta dube ni sheƙeƙe. "Haba Mama, da girmanki. Wannan ai ƙarin ruwa ne. Kin taɓa ganin jini rawaya?"

Ƙartin suka kwashe da dariya. Nas da ke wucewa ta tsaya ta gaya musu cewa abin da aka tato daga jinin ke nan, haka launinsa yake. Farfesa ta ce, "To, mun ji," ta jira nas ta ba da baya, ta taɓe baki. Shi ke nan magana ta zauna a gidansu: jini ja ne, abin da aka sa mata ba ja ba ne, saboda haka ba a sa mata jini ba, saboda haka ba wanda ke bin su jini. Wallahi na ga jahilci iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa ganin wanda ya zo wa masu shi daidai da son ransu kamar wannan ba.

A ranar da yamma wayar Malama ta yi ƙara a aljihun Ƙirji, don shi ke riƙe da ita, wai kada a dame ta. Yayanta ne, wanda ke aiki a wani gari mai nisa. Muryarsa har gadona.

"Na ji an ce ana neman jini. Na nemi izini a wurin aiki, gobe zan kamo hanya."

"A'a, Yaya, yi zamanka," in ji Ƙirji. "Ta warware. Mun samu magani, lamba ta hau. Ai muna nan, mu biyar ne fa. Kada ka wahalar da kanka."

Mu biyar ne fa. Ya faɗa ko kunya babu, ya mayar da waya aljihu.

Abin aro ba ya daɗewa a jiki, haka likita ta faɗa tun farko, kuma haka aka yi. Lamba ta juyo ƙasa. Ma'aikacin ma'ajiyar jini ya hawo da kansa ya tsaya a bakin gado, ya ce har yanzu bai ga kowa ba. Nan fa cututtuka suka bayyana. Mai bi wa Ƙirji ya dafe ciki ya ce olsa gare shi, alhali ƙashin gasasshiyar kazar da ya gama ci na nan a leda a ƙarƙashin gadon marar lafiya. Na biyun direba ne, ya ce in jiri ya ɗebe shi a kan hanya wa zai ɗauki alhakin fasinja. Na ukun bai ma yi magana ba, 'yan'uwan ne suka yi masa: "Wannan ango ne, a bar shi da ƙarfinsa," suka bushe da dariya suna tafawa, a kan matar da dasashinta ke zubar jini.

Autansu ne kaɗai ya miƙe. Gaskiya ɗaya ce, ya miƙe, har ya fara naɗe hannun riga. Farfesa ta fizgo shi ta baya.

"Zauna! Uwarmu ba ta haife ka don a tatse ka ba. Ka san inda suke kai shi? Sayarwa suke yi."

Ya zauna. Bai sake miƙewa ba, kuma ban ga alamar zaman ya yi masa wuya ba.

Shi kuwa uban gayyar ya gyara tsayuwa ya ce, "Malam, ni ke ɗauke da gidan nan kaf. In aka zuƙe ni na faɗi, wa zai riƙe su? Jinin namiji in ya fita ba ya komawa yadda yake." Ma'aikacin ya ce kofi biyu ne kawai, kuma jiki na mayarwa. Ƙirji ya ce zai duba zuwa jibi. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya juya ya fita.

Farfesa ta ce lambar ta sauka ne don kofi ɗaya ya yi kaɗan. Aka koma uku. Ta ƙara tafarnuwa da citta, daga baya ta ce duk abin da yake ja yana ƙara jini, ta fara markaɗo tumatir tana zubawa a ciki. Abin ya koma kamar ruwan kwata. Malama na sha sai amai, irin aman da ke taso mutum daga gado yana kakari, kuma kowane kakari sai ya zo da jini. Inda aka ɗaura mata abin awon hawan jini ya zama baƙin tabo zagaye da dantse. Al'adarta ta zo ta ƙi ɗaukewa, ana canja mata zanin gado tana rufe fuska don kunya. Da safe matashinta duk jirwaye.

Na ce wa Farfesa, "Ke ba ki ganin yarinyar nan ƙarewa take?"

"Mugun jinin ne ke fita, Mama. Sai ya fita sabo zai samu wuri."

"Wa ya gaya miki?"

"A bidiyon an faɗa."

Ba a faɗa ba, na tabbata. A take ta ƙirƙiro shi, kuma tana gama faɗa ta yarda da abinta.

Abin da ya fi ci mini rai, Malama ta sani. Mai koyar da yara ce, ta fahimci bayanin likita fiye da su duka. Sau ɗaya na ji ta roƙa. Ƙannen sun fita waya, Farfesa ta tafi wanke kofi, ta kamo bakin rigar mijin da yatsu biyu.

"Abban yara, don Allah ko kai kaɗai ka je. In suka ga ka fara, sauran za su bi."

"Wato ba ki yarda da maganin Yaya ba."

"Ba haka ba ne. A haɗa biyun."

"Matar nan tun asuba take tashi tana neman ganye, hannunta duk ya yi kanta wurin daka. Ke kina kwance, abin da za ki saka mata da shi ke nan? Kullum muna nan, mun bar sana'o'inmu. Wa aka yi wa gatan da aka yi miki a ɗakin nan?"

"Yi haƙuri," ta ce, ta saki rigar.

Gata! Su zo su cinye 'ya'yan itacen da abokan aikinta suka kawo mata, su yi musun ƙwallo a kanta, su ɗauki hoto da ita su tura wa dangi a ga suna jinya. Gatan ke nan.

Da suka watse na miƙa mata wayata ta saman durowa. "Kira yayanki."

"Mama, za a ce na kai ƙarar mijina gida."

"A ce mana. 'Ya'ya nawa gare ki?"

"Uku."

"Kina so Farfesa ta riƙe su?"

Can ta miƙo hannu ta karɓa. Ba ta yi doguwar magana ba, cewa kawai ta yi, "Yaya, ban warke ba. Ba wanda ya bayar. Ka zo." Na ji ya yi salati. Ya ce yanzu zai nemi mota, shi da abokansa, amma hanya da nisa, sai gobe bayan azahar. Ta mayar mini da waya, ta ce na yafe mata ta ɓata mini ita, don wurin da ta kara a kumatu ya ɗan shafi jinin hanci.

Da gari ya waye ta tashi da ciwon kai, tana dafe da goshi, farin idonta na hagu ya yi jawur. Farfesa ta iso da filas, ta ji ana maganar ciwon kai, ta zaro wasu ƙwayoyi daga jaka ta tura mata biyu. Allah ya sa nas ta gani. Ta karɓi takardar maganin ta duba, ta fita da gudu-gudu, sai ga likita.

Ranar na ji muryar likitan nan ta tashi.

"Tun yaushe kike ba ta wannan?"

"In kanta ya yi ciwo dai. Ai kowa na sha."

"Kowa ban da ita! Wannan ƙwayar hana jini tsayawa take yi. 'Yan kaɗan ɗin da suka rage mata, su kike kashewa." Ta juya ga Ƙirji. "Na yi ta roƙon ma'ajiya tun shekaranjiya. Abin da ke akwai an sa wa mai haihuwa, kuma ku ba ku mayar da na farko ba. Ciwon kan nan ba na wasa ba ne. Ku biyar ku sauka ƙasa yanzu, kafin yamma a tace a sa mata. Filas ɗin nan kuma kada na sake ganinsa a ɗakin nan."

Nas ta ɗauke filas. Sai Farfesa ta ɗora hannu a ka, ta fasa kuka, kuka na gaske har da majina.

"Ni za a wulaƙanta? Ni za a ce ina kisa? Abin da ya tashe ta ranar farko shi za a hana ta, don a samu na sayarwa? Ƙanena, kana tsaye ana zagin 'yar'uwarka!"

Ina kallon fuskar Ƙirji a lokacin. Ba fushi na gani ba, sauƙi na gani. An buɗe masa ƙofar da yake ta nema, wadda ba allura a bayanta. Ya kumbura, ya ce ba a isa a ci mutuncin yayarsa a gabansa ba, a sallame su, zai kai matarsa inda aka san darajar mutane. Likita ta sassauta murya, ta roƙe shi, ta ce ko motsa ta bai kamata a yi ba. Ya ce matarsa ce ko matar asibiti? Likita ta sunkuya ta tambayi Malama da kanta, ta ce in ta ce ba ta zuwa, ba mai fitar da ita.

Malama ta buɗe ido da ƙyar. Ta dubi mijin, ta dubi Farfesa, ta dubi ƙarti huɗu da ke tsaye a ƙafar gado sun harɗe hannu. Na ɗaga murya na ce, "'Yar nan, yayanki na hanya! Ki ce a'a!"

Ƙirji ya waiwayo. "Wa ya kira shi?"

"Ni na ba ta waya. Sai me?"

"To ya same mu a gida." Ya sunkuya kan Malama. "Ki zaɓa. In kin zauna, kin zauna ke nan. Yara kuma suna wurina."

Ta ce, a hankali, "Zan bi shi, likita. Kaina ne ke ciwo, ku bar surutun."

Ya sa hannu a takarda, aka cire mata allura. Wurin ya ƙi tsayawa, nas ta danne da auduga, audugar ta jiƙe, ta sake wata. Ƙannen suka ɗaga ta zuwa keken marasa lafiya kamar sun ɗauki matashi, mai olsa ma da shi aka yi. Da aka zo wucewa ta gabana ta ce, "Mama, Allah ya ba ki lafiyar ƙafa."

Har sun kai ƙofa Ƙirji ya dawo da sauri. Na ɗauka zuciyarsa ce ta motsa. Wurin nas ya nufa.

"Sista, taimaka mini da babbar leda mana, irin wadda kuke shimfiɗawa a gado. Kujerar motata fara ce."

Nas ta tsaya tana kallonsa. Ni kuwa na gaya masa abin da ba zan maimaita a nan ba, har matar da ke gadon ƙarshe ta ce in ji tsoron Allah. Ko a jikinsa. Ya ciri ledar da kansa daga kan gadon da matarsa ta tashi, ya ninke, ya fita.

Bayan azahar sai ga yayanta, shi da abokansa uku, idanunsu sun faɗa don rashin barci. Ya tsaya a gaban gadon da ba kowa, ya dube ni. Na gaya masa. Ya juya da gudu, abokan suka mara masa baya.

Sai da aka yi kamar mako ya dawo, shi kaɗai. Tun daga yadda ya yi sallama na gane. Ya zauna a kujerar da ke gefena, ya ce ya zo ne ya yi mini godiyar waya.

Ya ce da ya isa gidan ya tarar ba ta gane mutane. Ya ɗauke ta da ƙarfin tsiya, ana riƙe masa riga ana cewa ya shigo gidan mutane ba izini. A mota ta cika, kanta a kan cinyarsa, kafin su kai ƙofar asibiti. Jini ne ya ɓalle a kai, abin da likita ta faɗa tun ranar farko.

Na tambaye shi mijin fa. Ya ce yana nan yana karɓar gaisuwa, kowa ya zo sai ya ce masa, "Mun yi iya ƙoƙarinmu, kwana ne ya ƙare." Kwana ya ƙare, haka ne, kowa nasa zai ƙare. Amma ban taɓa jin inda aka ce ƙarewar kwana ta hana mutum miƙa hannu a ɗebi kofi biyu ba. Maza biyar, lafiyayyu, da jini har yana neman fasa musu wuya, suka tsaya a kanta suna kallo tana tsiyayewa, kuma yau kowannensu na barci da munshari don ya zo dubiya kullum. Ina jin haushinsu har yanzu, kuma ba na fatan ya huce.

"Yayar tasa fa?" na ce. "Ta yi nadama?"

Ya yi wata dariya marar daɗi, ya goge ido da bayan hannu.

"Mama, da na shiga cikin gida yin sallama, na same ta a tsakiyar mata. Tana gaya musu asibiti ne suka kashe ta, wai da suka ƙwace filas aka tsallake kofin safe. Wai ranar farko kofi ɗaya ya tashe ta, kowa shaida ne."

"Ba wadda ta tanka mata?"

"An tanka. Wata mata da ɗanta ke kwance a asibiti ta matso kusa, tana tambayarta ganye nawa ake dakawa."